Tarihin kasko, tukuba da murhun ƙasa a Kurfai, da yadda magabata ke gyaransu



Ina gaida iyayenmu dattawa da ke gida, maza da mata. Ina gaida ƴan uwa da neman abinci ya kai Yamai, Kwatano, Lome, Ankara, Kumasi, Abijan da Legas. Allah shi kai wagga takarda hannunku kuna lafiya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, domin mafi yawan abin da ke ciki daga bakin tsofaffi na samo shi, kuma su ne za su gane inda na yi kuskure.

I. Mafarin magana

A Sallar layya da ta wuce, bayan an feɗe raguna an ɗaure su ga sanduna an jera su kewaye da wuta kamar yadda muka saba, muna zaune muna jira, sai wani ƙanenmu da ke aiki ƙasar waje ya fiddo wayarsa ya nuna mana hoton wani abin gashin nama. Kore ne, siffar ƙwai gare shi, yana da marfi. Ya ce da tangaran anka yi shi, gawayi ake zuba masa, kuma kuɗinsa ya fi na babban ragon layya. Waya ta zaga hannu hannu har ta kai ga wani baffanmu wanda ya yi shekaru yana sana'ar tsire a Kumasi. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce: "Wannan ai kasko ne anka yi wa marfi."

Anka yi dariya. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai. Da na bincika sai na tarar baffa bai faɗi ƙarya ba. Asalin abin daga ƙasar Japan yake, inda suke kiran murhu "kamado", kuma da irinsa na yumɓu suke dafa shinkafa. Sojojin Amurka ne sunka kai shi ƙasarsu bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945. A 1974 wani ɗan kasuwa na birnin Atlanta ya fara sayar da shi da sunan Big Green Egg. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne dokokin da masu sayarwa ke gindaya wa mai saye: kada ya zuba masa ruwa yana da zafi, ya riƙa kwashe toka, kada ya hura shi da mai, ya rufe shi daga ruwan sama. Waɗanga duka na ji su bakin kakata tun ina ɗan lakkwal, ita da ko Yamai sau biyu ta taɓa zuwa.

Don haka na yi amfani da hutun lakkwal na zaga wurin wasu tsofaffi, maginan tukwane da mahauta, na rubuta abin da sunka gaya mini, na haɗa da abin da na karanta. Zan fara da tsufan aikin yumɓu, in bi da kayan wutar gidan Bakurfaye, sannan yadda ƙarfe da fari sunka canza su, in rufe da cututtukansu da maganinsu.

II. Tsufan aikin yumɓu a ƙasarmu

A lakkwal an koya mana tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ba a cika gaya mana cewa ƙasarmu ta Nijar na cikin wuraren da ɗan Adam ya fara gasa yumɓu ba. A Tagalagal, cikin duwatsun Abzin, masu bincike sun tono tsingaron tukwane da anka auna shekarunsa ya haura 9000. Kusa da mu kuma, cikin jiharmu ta Tilaberi, akwai Bura a ƙasar Tera. A 1975 anka gano wurin, a 1983 masanin tarihi Bube Gado ya jagoranci haƙarsa. An samu manyan tukwane da siffofin mutane da mahaya dawaki, duka na gasasshen yumɓu, waɗanda anka gina tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Har yau garin Bubon na bakin kogi da Mirya ta Damagaram sun yi suna wajen ginin tukwane.

Kurfai ba ta yi irin wanga suna ba, amma ba ta taɓa rasa maginiya ba. Filinge na cikin kwarin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Dallol tsohuwar hanyar ruwa ce. Idan damana ta wuce tafkuna sunka fara janyewa, sai su bar yumɓu mai danƙo a bakinsu, nan mata ke zuwa da ƙwarya da ɗan gatari. Kowace maginiya ta san tafkin da yumɓunsa ke yin tulu da wanda ke yin tukunyar wuta. Ta kuma san wurin da za ta guje wa, domin ƙasar Dallol tana da kanwa a wurare da dama, kuma yumɓun da kanwa ta kama yakan yi ta ɓarewa bayan an gasa shi.

Yumɓu shi kaɗai ba ya jure wuta. Sai an daka tsingaron tsofaffin tukwane an tankaɗe an zuba masa, wasu su ƙara ƙaiƙayin hatsi ko busasshen kashin jaki. Wata tsohuwa ta ce mini a kowace sabuwar tukunya akwai kakarta a ciki, tana nufin garin tsingaro. Dalilin a fili yake ga wanda ya yi ɗan karatun kimiyya. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, don haka yana riƙe jikin tukunya sa'ad da take bushewa. Ƙaiƙayi kuwa yakan ƙone wurin gashi ya bar ƙananan ramuka, su ne ke ba yumɓu wurin motsi idan zafi ya buɗa shi. A inuwa ake shanya kaya, kwana da kwanaki. Sannan a jera su a fili, a lulluɓe da kara, ciyawa da kashin shanu, a cinna wuta da maraice lokacin da iska ta kwanta. Wadda ta yi gaggawa wurin haɗi ko wurin shanya, wuta ce za ta tona mata asiri. Shi ya sa anka ce tun ran gini, ran zane.

III. Kayan wutar gidan Bakurfaye

Na farko murhu: duwatsu ukku, ko curin ƙasa ukku inda babu dutse. Shi ne na tuwo da miya, icce da kara yake ci. Amfaninsa kowace tukunya na hawa kansa. Aibinsa kuwa iska na ratsa shi ta ko'ina, mafi yawan zafin na tafiya banza. Sa'ad da daji ke bayan gida ba wanda ya damu da haka.

Na biyu kasko. Da, gawayi na maƙera ne. Su ke shiga daji su ƙona kirya, domin gawayinta ne ke ba da zafin da ke lanƙwasa ƙarfe. Matan gida ba su sayen gawayi. Idan an gama tuwon dare sai a kwashi garwashi daga murhu a zuba cikin kasko, a yayyafa masa toka, a kai ɗakin tsoho ko na mai jego. Kaskon kirki yakan riƙe wuta har asuba, da ita za a hura ta safe, maƙwabciyar da tata ta mutu ta aiko yarinya da tsingaro a ɗiba mata. Kafin ashana ta wadata, barin wuta ta mutu abin kunya ne ga matar gida.

Na ukku tukuba, ta mahauta. Tudu ne na ƙasa da toka, a kewaye, da wuta a tsakiya. Ana kafa tsinkunan tsire a gefe, suna ɗan jingine wajen wuta. Baffanmu na Kumasi ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. A tukuba nama na gefen wuta, kitsen da ke ɗiga yana faɗawa cikin toka, don haka wuta ba ta tashi ta babbake nama. Zafin da tudun ya tara shi ke gasa shi a hankali har ciki. Kurfai ƙasar kiwo ce, ba a banza anka kafa gidan gyaran irin shanun Azawak a Tukunus a 1954 ba, kuma babu kasuwarmu da ke ci ba tare da tukuba na hayaƙi a gefenta ba.

Na huɗu randar banda. Wagga ita ce ta fi kama da abin da ƙanenmu ya nuna. Na gan ta da idona gidan kakata. Randar da gindinta ya fashe ba a yar da ita. Sai a kafa ta a ƙasa, a huda ƙaramar ƙofa kusa da gindi, a sa garwashi kaɗan a ciki, a gitta ɗanyun sanduna a bakinta, a jera nama, a kifa tsohon kasko a bisa. Idan wuta ta yi yawa a toshe ƙofar da tsingaro, idan ta yi sanyi a buɗe. Ta haka naman farauta, ko na dabbar da anka yanka ba shiri, ke yin makwanni bai lalace ba. Ƙofa a ƙasa, mafitar hayaƙi a bisa, kauri mai riƙe zafi a tsakani: dabarar ke nan, ko a Japan ko a Shikal.

IV. Yadda ƙarfe ya shigo

Faransawa sun kafa barikinsu a Filinge a farkon shekarun 1900, zamanin Mayaƙi Namalaya. Haraji da aikin tilas sunka sa samari fita neman kuɗi, yunwar fara ta 1931 ta ƙara korar mutane zuwa kudu. Ko da anka soke aikin tilas a 1946, hanyar Kumasi da Ankara ta riga ta zama al'ada. Da yawa daga cikin waɗanda sunka tafi, da wuƙa da tsinke sunka ci abinci, kamar sauran Hausawa da sunka yaɗa tsire a garuruwan bakin teku.

A can ba ka da fili naka da za ka gina tukuba. Yau kana bakin tasha, gobe an tashe ka. Sai sunka koma ga abin da ake iya ɗauka: rabin tano da raga a bisa, ko kurfoti na ƙarfe. Gawayi kuma ga shi a buhu ana sayarwa, tun da ƙasar kurmi ce. Lokacin da gwamnatin Gana ta kori baƙi a ƙarshen 1969, da lokacin da Najeriya ta yi haka a 1983, ƴan uwa sun dawo gida da waɗanga kaya da wagga ɗabi'a. Shan shayi ya bazu, kowane saurayi da ɗan furnonsa na waya. Maƙera sunka koyi yanka tano suna yin furno. Tukunyar dalma, wadda ake zubawa da narkakken gorar ruwa, ta ture ta ƙasa daga kan murhu.

Ba zan zagi ƙarfe ba. Ba ya fashewa in ya faɗi, ana ɗora shi kan mota, yana saurin zafi. Sai dai yana saurin sakin zafin kamar yadda yake saurin ɗauka, don haka ya fi cin gawayi, kuma tsatsa na huda shi cikin ƴan shekaru. Akwai kuma wata hasara da ba a lissafa ba. Furno in ya lalace sai a yar a sayi wani. Kayan ƙasa kuwa kullum gyara suke so, kuma da gyaran ne uwa ke koya wa ɗiyarta. Da anka daina gyara, sai koyarwar ta tsaya.

V. Fari, ƙarancin icce da komawa ga ƙasa

Tun 1935 Faransawa sunka kafa dokar gandun daji a ƙasashen da suke mulka na yammacin Afirka, gwamnatinmu ta sake tata a 1974. Amma abin da ya buɗe idon kowa shi ne farin 1973 zuwa 1974 da na 1984. Ni ban ga ko ɗaya ba, amma iyayenmu sun gani. Itatuwa sun bushe a tsaye, talaka ya sare su ya sayar don ya sayi hatsi, motocin Yamai na ɗauka. Kirya ta yi wuyar gani. Anka koma ga sabara, geza da taramniya, har akwai gidajen da sunka dafa tuwo da tumfafiya da kashin shanu.

Zamanin Shugaba Saini Kunce, ɗan Fandu maƙwabtanmu, anka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa tun daga 1975. A watan Mayu na 1984 anka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada. Cikin waɗannan shekaru ne anka fito da murhu mai tattalin icce: Mai Sauƙi na ƙarfe, da Albarka na ƙasa wanda mace ke iya ginawa da hannunta. A 1992 anka yi dokar kasuwannin icce na karkara, domin mutanen gari su riƙe dajinsu su ci amfaninsa. A wasu ƙasashe ma haka ta faru. A Kenya, farkon shekarun 1980, an ɗauki dabarar wani murhun ƙasar Tailan anka yi "jiko": furnon ƙarfe wanda anka shimfiɗa wa gasasshen yumɓu mai ramuka a ciki. Ana lissafin yana rage cin gawayi da wajen kashi ɗaya cikin ukku. Irinsa ne ake kira Jambar a Senegal, Gyapa a Gana. Wato bayan dogon zagaye, masu ilimi sun dawo sun sa kasko cikin furno.

To mi ya sa murhun ƙasa na ƴan proje bai daɗe ba a gidaje da yawa? Na tambayi mata, amsarsu ɗaya ce. An zo an gina, an tafi. Damana ta farko ta zaizaye shi, tuƙin tuwo ya tsaga bakinsa, ba a shafe ba, sai anka ture shi anka mai da duwatsu ukku. An koya musu gini, ba a zauna an koya musu gyara ba.

Yau matatar mai ta Damagaram, wadda anka buɗe a 2011, ta sa gaz ya samu a birane. Amma a ƙauyukanmu icce ne har gobe. Kilo ɗaya na gawayi yana cin kilo 5 zuwa 10 na icce idan an ƙona shi irin ƙonawarmu. Kuma dukanmu mun san rashin kwanciyar hankalin shekarun nan ya sa nisan da mace za ta yi cikin daji ba abin wasa ba ne. Duk daurin iccen da murhu ya rage, tafiya ɗaya ce anka rage wa uwa ko ƙanwa.

VI. Cututtukan kayan ƙasa da maganinsu

Wanga sashi shi ne na fi so a ajiye. Ya shafi kasko, tukuba, randar banda, murhun ƙasa, furno mai yumɓu a ciki, har da na tangaran ga wanda Allah ya hore wa.

1. Wurin saye. A ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa. In ya yi ƙara garau, lafiya lau yake. In ya yi dum, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. A ɗaga: wanda ya yi nauyi fiye da girmansa bai sha wuta sosai ba, ko kuma ya sha ruwa.

2. Wutar farko. Sabon kaya ba a fara shi da babbar wuta. Garwashi kaɗan yau, a ƙara gobe, har kwana ukku. Murhun ƙasa da tukuba sai sun bushe sarai tukuna, mako guda ko fiye, a rufe da tabarma don kada rana ta tsaga su. Ruwan da ya saura cikin yumɓu, in zafi ya same shi farat ɗaya, tururi yake zama ya fasa hanyar fita.

3. Tsagewa. Babban mai kawo ta shi ne ruwan sanyi a kan jiki mai zafi. Ni kaina na yi wanga kuskure. Shekarar da anka fara tura ni aiki wani ƙauye, na sayi furno mai yumɓu da albashina na farko. Na gama shayi, na ce bari in ceci sauran gawayi, na kwara masa buta guda. Na ji ƙas. Tsohuwar gidan da anka sauke ni ta zo ta duba, ta ce: "Mushe, a lakkwal ba a koya muku toka ba?" Da toka ko yashi ake kashe garwashi, ko a toshe ƙofar iska a kifa marfi. Gawayin na nan, gobe a sake hura shi.

Idan tsaga ta riga ta faru, a duba irinta. Siririya kamar gashi a wurin zaman wuta ba mutuwa ba ce, kaya na iya shekaru da ita. In tana tafiya, a huda ɗan rami daidai ƙarshenta da ƙusa, a hankali, sai ta tsaya. A ɗaure wuyan da waya. A kwaɓa yumɓu da garin tsingaro da toka kaɗan, a jiƙa bakin tsagar, a cusa, a bari ya bushe a inuwa, a sake bin dokar wutar farko. Kada a sa siminti: irin na gini ba ya jure wuta, yakan ruɓe ya zube ya tafi da gefen tsagar. Murhun ɗanyar ƙasa da tukuba kuwa shafe suke so da irin haɗin da anka gina su, duk sa'ad da anka ga baki ya fara ci.

4. Wuta ta ƙi ci. Kafin a zagi mai gawayi, a duba toka. Sau da yawa ita ce ta toshe ramuka ko ƙofar ƙasa. A kwashe ta kafin kowane huri, a tsokane ramukan da tsinke. Manyan gawayi a ƙasa, ƙanana a bisa, gari kuma a ware shi, domin shi ke shaƙe wuta. In duk an yi haka ba ta ci ba, gawayin ya sha raɓa, a shanya.

5. Wuta ta yi yawa. A rage ƙofar ƙasa tun kafin zafi ya wuce inda ake so. Yumɓu in ya ɗauki zafi ba ya saurin sauka, kuma wanga halin nasa shi ne amfaninsa. Mai kaya mai marfi ya kiyaye: in wuta ta daɗe a rufe, kada ya buɗe gaba ɗaya, ya ɗaga kaɗan iska ta shiga, sannan ya buɗe. In ba haka ba harshen wuta na iya tasowa ya lashe masa hannu da gemu.

6. Nama ya yi ɗaci ko wari. Farin hayaƙi mai kauri alama ce wuta ba ta kama ba, ko icce ɗanye ne. A jira har hayaƙi ya yi siriri kafin a ɗora nama. Kada a hura da fetur, kananzir ko leda, domin yumɓu na da ƙananan ƙofofi, yana shan wari ya riƙa mai da shi cikin abinci. Katako mai fenti da tumfafiya ba na gashi ba ne.

7. Damana. Ruwa shi ne babban abokin gabar kayan ƙasa. A ɗora kasko kan duwatsu, kada ya zauna a ƙasa mai laima, balle mai kanwa. A yi wa murhu da tukuba rumfa. Kada a bar toka ta kwana cikin furno, don in ta jiƙe tana cin ƙarfen. Kayan da anka daɗe ba a hura ba sunkan yi fumfuna saboda tsohon kitse. Ba a wanke su da sabulu. A hura wuta mai kyau ba nama, a bari ta cinye, in ya huce a goge da busasshiyar ciyawa.

8. Kasko cikin ɗaki. Wanga magana ce ta rai. Garwashi na fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda likitoci ke kira monoksid na karbon. Tana sa ciwon kai, jiri da amai, tana kashe mutum cikin barci. Kakanninmu sun kwana da kasko cikin ɗakin kara da bukka, inda iska ke ratsawa ta ko'ina. Ɗakunan da kuke aiko kuɗi ana gina wa tsofaffi yanzu na siminti ne, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Kaskon bai canza ba, ɗakin ne ya canza. In hunturu ya zo, a bar taga a buɗe, ko a ɗumama ɗaki a fitar da kasko kafin a kwanta. Wanda anka tarar ya galabaita a fitar da shi sarari nan take, a kai shi likita. Ku da ke waya gida, ku faɗa wa iyayenmu wannan da bakinku.

VII. Roƙona ga ƙungiya

Cikin maginan da na ziyarta, ba wadda ba ta da jikoki, kuma ba wadda ta nuna mini yarinyar da ke koyo a hannunta. Ɗaya ta ce ƴan mata na ƙyamar laka. Wata ta ce ko an gina, wa zai saya? Tambayarta gare mu take, domin mu ne ke aiko furno da robobi.

Ina roƙon a sa waɗanga abubuwa cikin maganar taronmu mai zuwa. Wakilin kowane gari ya kawo yawan maginan da sunka rage da tafkin da suke ɗibar yumɓu. Matasa masu waya su zauna da su su ɗauki bayaninsu, da izininsu, tun suna da ƙarfin nunawa. A duba ko asusun ƙungiya zai iya ɗaukar ɗawainiyar ƴan mata kaɗan su koya a rani guda, a kuma haɗa maginiya da maƙeri su gwada furno mai yumɓu a ciki, tun da dukansu muna da su. Ƴan uwa masu sana'ar nama a kudu, ku gwada shafe cikin tanonku da yumɓu mai tsingaro, ku lissafa buhunan gawayin wata guda, ku rubuto mana abin da kunka gani, ko ya yi ko bai yi ba. Manoma kuma mu ci gaba da sassaben zamani, mu bar sabara da gawo su tashi cikin gonaki.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na rubuta iyakar abin da na ji, na kuma san akwai dattawan da sunka fi ni sanin wagga magana nesa ba kusa ba. Wanda ya ga gyara ko ƙari ya aiko wa sakataren ƙungiya, a buga a fitowa ta gaba.

Allah shi jiƙan magabatanmu, shi ba mu damana mai albarka, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi maido matafiya gida da alheri. Amin.

Ɗanku kuma ƙanenku,
malamin lakkwal a ƙasar Kurfai.